Maska da Funtuwa: Garin da Ya Saƙa da Garin da Ya Auna

Hakimin Funtuwa, Sarkin Maska ake ce masa. Yaron da aka haifa a Jabiri ko Maƙera zai tashi yana jin wannan suna a bakin maroƙa da masu sanarwa, ya ga ana yi wa mai shi jinjina ranar salla, amma zai iya kaiwa ga aure bai taɓa taka garin Maska ba, alhali yana nan kudu da Funtuwa, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota. A takardar hukumar zaɓe, Maska mazaɓa ce ɗaya cikin 11 na ƙaramar hukumar Funtuwa, a layi ɗaya da Dukke da Goya da Maigamji da Tudun Iya. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, al'amarin a juye yake. Maska ce birni mai sarki, Funtuwa kuwa ƙauye ne a gindin dutse cikin ƙasarta.

Mu da muke yamma da su, a Damari da Sabuwa da ƙauyukan da ke bakin dajin Birnin Gwari, Funtuwa ce birninmu. Idan haihuwa ta zo da gardama, can ake nufa ta Ɗandume. Idan katin banki ya maƙale, ko ana neman kayan gyaran injin niƙa, ko yaro ya gama sakandare yana neman gaba, can ne dai. Ba ka jin mutum ya ce bari ya je Maska ya dawo, sai mai dangi a can ko mai cin kasuwarta. Saboda haka wanda zai auna garuruwan nan da ma'aunin asibiti da banki da kwalta ya gama aikinsa tun bai fara ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, amfanin gona ɗaya ne ya gina su duka biyun, wato auduga, sai dai kowanne da abin da ya yi da ita, kuma daga nan ne kowanne ya samu abin da ya samu, ya rasa abin da ya rasa.

Magabata suna kiran yankin nan Katsinar Laka, don ƙasarsa mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, ba irin jigawar arewa ba, damina kuma ta fi daɗewa. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna yadda birane irin su Maska da Gozaki da Kogo suka zama ginshiƙan kudancin masarautar tun kafin jihadi, kowanne da sarkinsa da ƙauyukansa, suna bin Sarkin Katsina amma suna da nasu ƙarfin. Maska tana bakin iyaka da Zazzau, cikin wani dogon yanki na masaƙa da marina da ya taso daga su Kura da Ƙaraye a ƙasar Kano, ya ratsa Kudan da Hunkuyi da Fatika. A wannan yanki ake noma audugar, a nan ake noma baban rini, kuma a nan ake mayar da su tufa.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda aikin yake, don nan ne sirrin garin. Audugar da aka tsinta da kaka ba ta yin nisa. Mata ne ke gurje ta a magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka, su kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa. Masaƙa su ja zaren su fitar da ƙyalle siriri mai faɗin 'yan yatsu, maɗinka su jera su haɗa ya zama zane ko gwado ko riga. Masu rini su tsoma a karofi, masu bugu su buge ya yi sheƙi, dillali ya kai kasuwa, fatake su ɗora wa jakuna. Kafin kwandon auduga ɗaya ya bar gari, ya ratsa hannu shida ko bakwai, kuma kowane hannu ya ci abinci. Tsohuwar da ba ta fita ƙofar gida tana da abin yi, tana da kuɗin kanta a kan mazari. Sarki ma da nasa rabon, tunda akwai kuɗin karofi ban da kuɗin ƙasa.

Gari irin wannan yana da nasa kayan more rayuwa, ko da yake ba su ne muke lissafawa yau ba. Akwai kasuwa mai ci a ranarta, da zango inda ayari ke sauka, da fatoma mai ba baƙo masauki ya kuma haɗa shi da mai saye. Akwai rijiyoyi da kududdufai, waɗanda daga cikinsu aka ɗebi ƙasar gini. Akwai masallacin Juma'a, da alƙali, da makarantun allo, da zaurukan malamai masu karantar da littattafai. Akwai wanzami da ungozoma da mai ɗori. Gaba da duka akwai ganuwa. Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan da aka kora suka kafa Maraɗi, kuma kusan duk tsawon ƙarnin ba su daina kawo hari ba. A zamanin Ɗan Baskore, da kuma na Ƙaura Hasau daga baya, mahayan Maraɗi sun riƙa ratso daji su kai har kudancin Katsina da arewacin Zazzau. A irin wannan zamani, abin da talaka ke fara tambaya game da gari shi ne ko yana da inda za a rufe ƙofa da magariba. Duk waɗannan abubuwa mutanen gari ne suka gina su da hannunsu, da gayya ko da umarnin sarki, su ne kuma ke yaɓe su bayan kowace damina.

Turawa sun karɓi Katsina a 1903. Shekara guda kafin nan, masu masaƙun Lankasha a Ingila sun kafa ƙungiyar BCGA a birnin Mancesta, domin sun gaji da dogara ga audugar Amurka. Ba su manta da yadda yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tsayar musu da injuna ya bar ma'aikata da yunwa ba. Arewacin Nijeriya suka sa wa ido, kuma fatan samun auduga na daga cikin hujjojin da aka kafa wajen shimfiɗa dogon da ya isa Kano a 1911. Sai lissafi ya ƙi fita. Manoman Kano suka juya ga gyaɗa, audugar da ake nomawa kuma masaƙan gida suka riƙa saye da tsada fiye da yadda BCGA ke tayawa. Wato masaƙin Maska da ɗan'uwansa na Kudan, da ƙoshiyarsu ta itace, sun yi shekaru suna kayar da attajiran Mancesta a wajen ciniki. Wannan abu ne da ya kamata a riƙa faɗa wa yaranmu a aji, amma ba a faɗa.

Turawa ba su saki ba. Suka kawo irin audugar Amurka mai dogon gashi, wadda ake kira Allen, suna raba irinta kyauta. Suka ware kasuwannin da doka ta yarda a sayar da ita, wato fuloti, suka sa malaman auduga su duba su ba ta daraja. A shekarun 1920 aka buɗe gonar gwaji da yawaita iri a Daudawa cikin ƙasar Faskari, aka kuma ja reshen dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. A ɗaya gefen, akoko da alawayyo da atamfa suna shigowa da araha suna cin kasuwar saƙar gida a hankali. Babbar tasha a Funtuwa aka kafa ta, gidan gurza ma nan aka gina shi, har unguwar da ke kewaye da shi ta ɗauki sunan BCGA. Babban titin Zariya zuwa Sakkwato shi ma ya bar Maska a gefe, sai dai a sauka a Marabar Maska a shiga ciki. Tsarin Turawa kuwa shi ne hakimi ya zauna inda jami'in mulki zai same shi cikin sauƙi, inda haraji ke taruwa. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, Sarkin Maska ya tare a Funtuwa. Ba yaƙi aka yi ba, ba annoba ce ta tashi garin ba. Masu awon hanya ne suka ja layinsu ta wani wuri.

Funtuwa ta tashi a kan sikeli. Manomi ya kawo audugarsa fuloti, a duba, a auna, a biya shi, a kai gidan gurza, a ɗaure dila-dila a loda wa jirgi sai bakin teku. Hannun da ke ci a nan daban ne da na Maska: ɗan baranda, da akawu, da malamin sikeli, da ɗan dako, da lebura, da direba da yaron mota, da mai tuwo a bakin tasha. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, Yarabawa da Ibo da Nufawa suka zo suka cika Sabon Gari, Hausawan Kano da Zazzau da Sakkwato da arewacin Katsina suka yi ta kwararowa. Daga baya da manyan motoci suka yi yawa, garin ya zama mahaɗar hanya huɗu: ta Zariya, ta Gusau da Sakkwato, ta Bakori da Malumfashi zuwa Katsina da Kano, da tamu ta Ɗandume zuwa Birnin Gwari, wadda motocin kudu suka daɗe suna bi. A Maska ana tambayar mutum ɗan gidan wane ne. A Funtuwa an fi tambayar me ya zo da shi. Ina ganin ba banza ba Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya mayar da Funtuwa gida. Mawaƙin da ke wasa direba da ɗan kasuwa kamar yadda yake wasa basarake, garin tasha ne ya dace da shi.

Kayan more rayuwa na zamani suka biyo sawun kuɗi da ma'aikata. Gidan waya, da asibiti, da makarantun boko, da bankuna, da lantarki, da ruwan famfo daga madatsar Mairuwa, sannan ta Gwaigwaye daga baya. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, Funtuwa ce hedikwatar wata makekiyar ƙaramar hukuma da ta haɗa har da Bakori da Ɗanja da Faskari da Ɗandume da Sabuwa. Yau sunanta ne a kan shiyyar ɗan majalisar dattawa mai ƙananan hukumomi 11, tana da makarantar share fagen shiga jami'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, da kwalejoji masu zaman kansu na koyon aikin lafiya da na malanta. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar ta haura mutum 225,000, kuma a jihar babu garin da ya fi ta hada-hada in ban da birnin Katsina.

A nan ne marubuci ke iya zamewa ya fara kukan zamanin da, ya mayar da Maska aljanna, Funtuwa kuma bariki. Ba zan bi wannan hanya ba. Daga cikin audugar da ta ciyar da masaƙan ƙarni na 19, akwai wadda bayi suka noma a rinjoji. Ganuwar da ta kare na ciki ta bar na waje ga mahara. Agana tana ɗibar yara, kurkunu yana kwantar da manomi daidai lokacin noman fari, matar da naƙuda ta yi wa tsanani kuwa babu abin da ungozoma za ta iya yi mata sai addu'a. Ɗakin tiyata ɗaya mai likita da jini a ajiye ya fi karofi ɗari a wannan daren. Duk wanda ya taɓa riƙe mara lafiya a bayan mota daga Damari, yana ƙirga ramukan hanya yana duban fitilun gari daga nesa, ya san darajar Funtuwa ba sai an gaya masa ba. A kan rai da lafiya da karatun 'ya'ya mata, sabon gari ya yi wa tsoho nisa, kuma ba ni da wata tantama a kai.

Inda nake da magana shi ne tushen wannan nisa. Abin da Maska ta mallaka, daga cikinta ya fito. Ko an toshe hanya wata uku, masaƙi yana da zare, marini yana da baba, gari yana da hatsi a rumbu. Abin da Funtuwa ta mallaka kuwa, mafi yawansa ya zo ne saboda abin da ke wucewa ta cikinta, kuma masu yanke hukunci a kan wannan wucewa ba a garin suke ba. Da suna Mancesta da Legas, daga baya Kaduna, yanzu Abuja da Katsina. Famfo da lantarki da asibiti duk na gwamnati ne, idan sun lalace sai a jira ta. Shi ya sa gari mai madatsun ruwa biyu yake cike da 'yan garuwa suna tura kura unguwa-unguwa, mai hali kuma ya haƙa burtsatse a gidansa ya sa sola ya huta da kowa.

Sau biyu aka yi yunƙurin sauya wannan tsari da gaske, duka a shekarun 1970. Na farko shi ne shirin bunƙasa noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan, tare da na Gusau da na Gombe. Ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. An yi hanyoyin karkara, an gina cibiyoyin sayar da taki da iri, an yi ƙananan madatsun ruwa, an tura malaman gona ƙauyuka. Masu nazari sun soki shirin da cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa, kuma akwai gaskiya a sukar. Duk da haka shi ne ya fitar da masara daga bayan gida ya kai ta babbar gona, har ta zama abin da aka san ƙasar Sabuwa da Ɗandume da shi a yau. Tsofaffinmu da yawa daga wannan lokaci suke lissafin shigowar takin zamani da kwanon rufi ƙauyensu. Na biyu shi ne masaƙar Funtuwa da aka kafa a 1978. A ganina wannan ne karo na farko da sabon gari ya yi ƙoƙarin yin abin da tsohon ya saba yi, wato ya tsayar da auduga a gida har ta zama yadi.

Sai dai lokacin bai yi mata daɗi ba. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, ba tare da an tanadi wanda zai ci gaba da tace iri da tabbatar da daraja ba. Iri ya gauraye, fulotai suka mutu, manoma suka koma masara da waken suya da shinkafa. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, yadin waje ya cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Ta Funtuwa tana cikin 'yan kaɗan da suka yi ta jurewa, abin a yaba, amma masaƙa ɗaya ba ta riƙe gari mai wannan girma. Jirgin ƙasan da ya haifi garin kuwa ya daɗe da daina zama abin dogaro a wannan layi. Abin da atamfar Mancesta ta yi wa masaƙin Maska, shi yadin Sin ya yi wa ma'aikacin masaƙar zamani, tsakaninsu bai fi shekara sittin zuwa saba'in ba.

Sannan ga abin da ya same mu a 'yan shekarun nan, wanda ya sa na daina kallon ganuwa a matsayin tarkacen tarihi. Dazuzzukan da mahayan Maraɗi suka riƙa ratsowa, su ne dai 'yan bindiga ke fitowa daga ciki a kan babura. A watan Yunin 2020 aka kashe mutane da dama a Kadisau ta Faskari. Ranar 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama da sayar da fetur a jarka, a watan Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, cikinsu har da Sabuwa da Faskari da Ɗandume da Ƙanƙara da ita kanta Funtuwa. A waɗannan watanni aka ga yadda kayan zamani ke rataye da zare ɗaya. Mai POS ya rufe rumfa, ɗan kasuwa ya kasa jin farashin Dawanau, mai ɗa a makaranta ya kasa tura masa kuɗi, mutane suka riƙa tafiya mai nisa don neman inda waya za ta kama.

Funtuwa ta wayi gari tana yin aikin da Maska ta yi a ƙarni na 19: ta zama inda ake gudu a fake. Iyalai daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun cika unguwannin bayan gari, wasu a gidan haya, wasu a kangon da ba a gama ba, wasu a ɗakin ɗan'uwa. Maigida ya bar iyali a gari, ya koma gona da rana in hali ya yi. Bambancin shi ne birnin da an gina shi ne da wannan niyya, har da filin noma a cikin ganuwa saboda ranar da za a tsare ƙofa. Funtuwa kuwa an gina ta ne a buɗe ta kowace fuska don kaya su shiga su fita, kuma maharan sun sha taɓa unguwannin gefenta. Kuɗin haya ya tashi, aji ya cika, layin asibiti ya yi tsawo. Wasu ƙauyuka sun koma haƙa rami a kewayen gari da sa ƙofa ɗaya, matasa suna kwana a bakinta. Rundunar tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023, idan aka duba da kyau, amincewa ce da cewa tsaron gari ba ya yiwuwa sai da 'yan garin da suka san kowace burtali.

Ta fuskar adana tarihi, garuruwan biyu babu na yabo. Baƙon da ya zo jihar Katsina ana kai shi hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu a Daura, da Durɓi ta Kusheyi, da gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina. Duk a arewa suke. A kudu, tarihin saƙa da rini yana bakin tsofaffi ne, da cikin rahotannin jami'an mulkin mallaka da ke ajiye a ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna, da kundayen digiri da ke shan ƙura a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Maska aƙalla tana da tsofaffin da ke alfahari da jerin sarakunansu. Funtuwa ko wannan tunanin ba ta cika yi ba, don gani take ita yarinya ce, alhali tasharta ta kusa shekara ɗari, kuma waɗanda suka yi dako a fuloti suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar Ailan, tun 1958 ake gasar tsafta da kyan ƙananan garuruwa, kuma kwamitocin sa-kai na 'yan gari ne ke aikin, su gyara tsohon gini, su kafa allon da ke bayyana tarihinsa. Mu ma muna da gayya, muna da ƙungiyoyin cigaban gari. Aji ɗaya a makarantar firamare, da masaƙa guda, da magurji, da tsohon sikeli, da muryoyin dattawa goma a waya, ba aikin da sai an jira kasafin kuɗin jiha ba ne.

Da za a tilasta mini zaɓen inda zan ajiye iyali, Funtuwa zan zaɓa, kamar yadda dubban mutanenmu suka zaɓa da ƙafafunsu. Da za a tambaye ni tsarin wane gari ne ya fi dacewa a koya daga gare shi, sai in ce na Maska, don shi ne bai bar amfanin gona ya fita ɗanye ba. Masarar da muke nomawa a Damari a buhu take fita, ta je Kano ko Jos ko Ibadan a mayar da ita abincin kaji da gari, waken suya ma haka, mu kuma mu sayi man da aka tatsa daga cikinsa. Hannun da ke ci a gida bai wuce na manomi da ɗan dako da dillali da direba ba, su ɗin dai da suka ci a zamanin fuloti.

A watan Mayun 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, wadda aka ba da izinin gina ta tun 2006. Manufarta ita ce ɗan kasuwa ya kammala takardun kwastan a nan, ya loda kwantena ta wuce bakin teku. Wannan ci gaba ne a kan tsohon layin garin, na tarawa da aunawa da turawa, kuma ribarta ta dogara ne ga dogo mai aiki da hanya mai aminci, abubuwa biyu da Funtuwa ba ta da iko a kansu. Ana cikin haka, Ɗandume, wadda sai a 1996 ta samu ƙaramar hukumarta tare da Sabuwa, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin hatsi na Arewa. Masu saye daga kudu da wakilan kamfanoni can suke zarcewa kai tsaye, can ake yanke farashi, can manyan ɗakunan ajiya suke ƙaruwa. Tirelolin da aka loda a can ta tsakiyar Funtuwa suke bi, wasu su tsaya shan mai, da yawa kuma ba sa tsayawa.